Kanwar da Inna ta ɗaura a ƙugu

Shekarar da sankara ta kama Inna a mama, ni ce mai raka ta babban asibiti a Sakkwato, don ni ce babba a ɗakinmu. Daga Illela motar 'yan albasa muke bi, mu isa jiki duk ya yi tsami.

Tun zuwan farko, bayan an ɗauki hoton ƙirjinta, likita ya yi bayanin da ya raba ni da kwanciyar hankali. Ya ce maganin da za su sa mata cikin ƙarin ruwa guba ne, daidai faɗin jikin mutum ake auna shi. Kowane zuwa za a gwada tsawonta, a ɗora ta a sikeli, shi kuma ya aza rula tsakanin lambobin biyu ya fitar da abin da jikinta zai iya ɗauka. In ya yi yawa, zai kashe ta tun ciwon bai kashe ta ba. In kuma ta rame ƙwarai, dole a tsayar. Malamar asibiti ta fassara wa Inna duka, ko kalma ba ta rage ba.

Inna kuwa sai ramewa. Tuwo ba ya shiga, fura ma dawowa take. Innar da ke ɗauko kanwa daga Ƙonni a ka ta kasa a kasuwa, ta koma ni ke yi mata wanka. Wallahi duk ranar awo sai in ji na tsani sikelin nan kamar mutum.

Wani zuwa sai allurar sikelin ta haura. Malamar ta washe baki. "Madalla, Inna, jiki ya fara dawowa."

Ni da na san kowane haƙarƙarinta, ina jiki ya dawo? Na kama ta zan sauko da ita, hannuna ya ci karo da abu mai tauri a ƙugunta. Manyan guntayen kanwa ne, ta ƙulle a tsumma ta ɗaura ƙarƙashin zane.

Ta damƙe mini yatsu, murya ƙasa ƙasa. "Mi kika ji? Ba ki ji komi ba, ɗiyata."

Likita ya riga ya fara lissafi. In na yi magana, za a tsayar da maganin. In na yi shiru, za a zuba wa Inna gubar wata mace da ta fi ta nama. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba, kuma ban taɓa tona mata asiri gaban baƙo ba.

Na ce, "Likita, a sake awo."

Inna ba ta bari kowa ya taɓa ta ba. Da kanta ta kwance ƙullin, ta ajiye a ƙasa, ta sake hawa. Allurar ta sauka inda ba ta taɓa sauka ba. Likita ya ce mu koma gida, a yi ta ba ta abinci, in ta murmure a dawo. Bai kalli ɗayanmu ba.

Sai da muka kai bakin titi ta yi magana, ba da faɗa ba.

"To, ke za ki gaya ma ƙannenki an tsai da magani."