Saƙon da Yaya Bai Buɗe Ba

Yayana direban tasi ne a New York, kuma yana cikin mutanen nan da ba su iya cewa a'a ba. Duk sanda zai je Kano sai gidansa na University Heights ya koma tasha: wannan ya kawo takalma a kai wa uwarsa, waccan ta kawo man shafawa. In zai dawo ma haka, kilishi da kuka da daddawa. A wajenmu saƙo amana ne. Wanda aka ba abu a ɗaure ya kwance ya leƙa, ya zargi mai shi ke nan ko bai furta ba. Haka aka rene mu, Yaya kuwa ya fi kowa riƙe wannan.

A tafiyarsa ta ƙarshe, wani Alhaji mai shagon kayan miya a unguwarmu ya bi shi da waya har Kano, ya ce ƙanensa zai kawo ɗan kwali na garin kunu. Kwali ya zo a naɗe da salatif, Yaya ya cusa a akwati. A filin jirgin nan New York aka farke shi, aka tarar da hodar iblis a ƙarƙashin garin. Shari'ar ta gwamnatin tarayya ce. Aka ba da belinsa da na'ura ɗaure a ƙafa.

Kafin a shiga kotu dattijan masallacinmu suka cika wa Yaya falo, har da Alhajin mai kwali. Ina bakin kicin ina jinsu.

"Ka rufa masa asiri," in ji babbansu. "Ya rantse shi ma bai san abin da ke ciki ba. Ka ambaci sunansa su kwashe shi, iyalinsa su tagayyara, kai kuma ba sakinka za a yi ba."

Alhaji ya share hawaye da bakin rigarsa. "Malam, in ta ɓaci, Allah ya kiyaye, ai akwai appeal, a ɗaukaka ƙara. Ranar ni da ƙafata zan tsaya gaban manyan alƙalai in ce ni na aike ka."

Yaya ya ce ya amince. Ni da na iya faɗa da kowa a wajen aiki, ranar na yi shiru don manya na magana. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Lauyan da kotu ta ba shi ya yi ta roƙonsa ya faɗi mai kwalin. Yaya ya ce wani mutum ne. Ba mu gaya wa lauyan shirinmu ba, domin dattijai sun ce lauyan gwamnati ɗan gwamnati ne. Mai gabatar da ƙara ya tsaya gaban mutum goma sha biyun da za su yanke hukunci ya tambaye su: wane mai hankali ne zai ɗauko kwali daga wata nahiya, bai buɗe ba, bai ma san sunan mai shi ba? Suka same shi da laifi, alƙali ya ba shi shekara goma.

Aka ɗaukaka ƙara. Sabuwar lauya ta kira ni, na ce mata muna da shaida, wanda ya aike shi zai zo. Ta ce kotun ɗaukaka ƙara ba ta jin shaida. Takardun shari'ar farko kawai take karantawa ta ga ko alƙali ya yi kuskure, abin da ba a faɗa a can ba kuwa kamar bai faru ba ne. Ta ce akwai wata hanya dabam, in mutumin zai sa hannu a takardar rantsuwa. Na kai wa Alhaji maganar har shago. Ya ce shi takarda ba ya wasa da ita, baki da baki zai yi. Dattijai suka ce in kwantar da hankali, alƙali mutum ne, in ya ga jama'a dole ya tambayi abin da ya tara su.

Sai bayan shekara guda aka sa rana. Muka cika jirgin ƙasa mai lamba huɗu daga Bronx zuwa ƙasan Manhattan, mun kai mu talatin, har da matan Gana na Morris Heights da suka bar aikinsu na jinyar tsofaffi don su raka mu. Matar Yaya ta riƙo masa farar riga a leda, wai ya sauya kafin ya shiga. Ba wanda ya gaya mata ba a kawo fursuna wannan kotun.

Alƙalai uku ne a zaune can sama. A gaban lauyarmu akwai 'yar fitila mai nuna lokaci, minti goma aka ba lauyar. Ta ce a al'adarmu ba a buɗe saƙo. Ɗaya daga cikinsu ya katse ta, ya ce a wane shafi na takardun wani ya ba da shaidar haka? Ta ce ba a kawo shaida ba. Fitila ta yi ja, mai gabatar da ƙara ya yi nasa, aka kira wata shari'ar. Ko sau ɗaya ba su dubi inda muke ba.

Alhaji kuwa yana layin gaba, ya sha babbar riga shadda, yana jan carbi. Da muka fito ya buɗe hannu ya ce, "Kun dai gani, na zo. Su ne ba su kira ni ba." Mutumin da ya shekara ashirin a ƙasar nan, wanda shi ke cika wa mutane takardun zama! Ban yarda bai san yadda kotun take ba tun ranar da ya yi kuka a falon Yaya. Na ce masa a gaban kowa, "Alhaji, Allah ya isa." Babban dattijon ya ce ba ni da kunya. Na ce kunyar ce ta kai mu nan.

Hukuncin ya fito bayan wata biyu, shafi huɗu. Sun tabbatar da ɗaurin. Suka rubuta cewa wanda yake da dalilin yin zato amma ya kau da ido da gangan, doka na ɗaukarsa kamar ya sani. Na karanta wurin sau uku. Mutuncin da uwarmu ta koya masa shi suka kira kau da ido. Na tsani alƙalan nan uku da ban san fuskarsu sosai ba, amma ba kamar yadda na tsani waɗanda na sani ba.

Yaya ya kira daga kurkuku ranar Lahadi da hantsi. Na karanta masa, na fassara. Ya ce, "To sai kotu ta gaba?"

"Lauya ta ce akwai ta ƙoli, Yaya, amma da wuya su ko duba irin wannan."

Ina jin hayaniyar masu jiran waya a bayansa. Can ya ce, "Shi ke nan. Yaran nan sama da shekara ana ce musu ina Kano wajen Hajiya kakarsu. Uwarsu ba za ta iya ba. Ki je ki gaya musu inda nake."

Na je da la'asar. Na zaunar da su biyun a kan kujera na gaya musu da Hausa. Babbar, mai shekara tara, ta ƙirga da yatsunta, sannan ta tambaye ni da Turanci ko zai gane ta in ya fito.