Roron Inna Saude

A Kekun Waje, in aka gama cirar gyaɗa, abin da ya tsinke ya saura a ƙasa rabon mata ne da tsofaffi. Shi ake kira roro, kuma mai gona ba ya hanawa. Da shi Saude ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta.

Mace ce 'yar siririya mai taurin kan tsiya. Ta haifi biyar, ƙasa ta karɓe su duka tun suna ƙanana. Manu kawai ya rage mata, ɗan ƙanin mijinta, wanda ta goya bayan rasuwar uwarsa. Ba irin roƙon da bai yi ba kan ta bari a riƙa kai mata tuwo daga gidansa.

"Ka ga hannuna ya mutu?" in ji ta. "Ran da na kasa tonon gujiya, ran nan ka kawo akushi."

Gujiya suke ce wa gyaɗa a can, kuma Saude ta san ta ciki da waje. Takan soya ta a yashi, ta daka, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Ranar kasuwar Bungudu kafin azahar ƙwaryarta ta koma wayam. Kunun gyaɗarta kuwa, ko mai jego da ta ƙi abinci sai ta sha ta nemi ƙari.

Sai zamani ya juya. Gyaɗa ta yi daraja, jirgin ƙasa na kwasar buhuna daga Gusau, manoma suka koma bin kunya suna tsince ta tas kamar kaji. Idon Saude kuma ya soma dushewa, har ta koma roro da lalube. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗar gari duk ta yi ƙoshiya, ɓawo ba ƙwaya. Mata suka haƙura da roro. Ita kaɗai take fita da 'yar fartanyarta zuwa gonar Manu.

Abin mamaki, kullum sai ta dawo da rabin ƙwarya. Har gori take yi a bakin rijiya.

"Ku masu idanu, mi kunka samo? Makauniya ta hi ku!"

Matan sai su kalli juna, don sun san sirrin. Kowace safiya Manu kan riga ta zuwa gona da gyaɗa a aljihun taguwa, ya bi kunya yana tusawa da babban yatsa. Abu ɗaya ya manta: shi ma bana bai samu ba, ta bara yake ɗebowa daga rumbu.

Wata rana yunwa ta kama ta a gona, ta ɓare ɗaya ta jefa a baki. Sabuwar gyaɗa zaƙi gare ta da danshi. Wannan kuwa busasshiya ce ƙamas, ga warin tokar da ake barbaɗa wa iri saboda ƙwari. Ta ɓare ta biyu, ta ɓare ta uku. Ta daɗe zaune a kan kunya, fartanya a cinya. Abin ya yi mata ciwo biyu: ashe sadaka take ci tana gori, kuma irin da yaron zai shuka baɗi ne take matsewa tana kaiwa kasuwa.

Ba ta bar ko ɗaya a ƙasa ba. Ta bi gonar da rarrafe har la'asar, sannan ta ɗauki ƙwaryar ta nufi gidansa. Ta same shi a zaure yana gyaran ƙotar gatari, ta dire a gabansa.

"Ga irinka. Ni dai da damina na san ana shuka."

"Inna..." in ji Manu, ya kasa ɗaga kai.

"Yi shiru. Nawa ya rage cikin rumbun?"

"Kaɗan."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa bango za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba.

"Ka ce ma matarka, daga yau ta riƙa auna tsaba da ni."

Shekara da shekaru Manu yana neman jin wannan magana daga bakinta. Da ya ji ta, sai ya kifa kai a gwiwa ya yi ta kuka.