Kurumtar Mama Rahila

Rahila Dantani 'yar ƙasar Zuru ce. Aikin mijinta na malamin gona ya kawo su Kalgo shekara talatin da suka wuce. Nan ya rasu. 'Ya'yanta biyu suka watse, namijin, Dauda, Kaduna, macen Minna, ita kuwa ta ƙi tashi. Da safe tana suyar ƙosai a bakin hanya, ran Lahadi kuma ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta ƙaramin cocinsu.

Sai kunne ya fara mutuwa. Na hagu ya riga, na dama ya bi. Wata Lahadi ta ɗauko waƙa, ta ga mata na kallon juna, ashe ta bar ganga a baya. Ba wanda ya ce mata komai. Ita da kanta ta koma bencin ƙarshe, tana kallon bakin fasto yana motsi. In 'yarta ta bugo waya, sai dai ta riƙe ta yi ta cewa, "To, to, Allah shi yi albarka."

Tun tana yarinya uwarta ta koya mata cewa Allah ya zama mutum cikin Yesu, ya ji yunwa, ya gaji da tafiya, abokansa ma suka gudu suka bar shi. Da can waƙa ce kawai a bakinta. Yanzu da shiru ya rufe ta, sai ta shiga yi masa hira kamar yana zaune kan turmi. Ta gaya masa wake ya yi tsutsa, gwiwa ta hana ta sunkuyo.

Wata rana maƙwabciyarta Zulai, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta leƙo ta same ta tana surfe tana magana. Ta matso ta ɗaga murya.

"Maman Dauda, da wa kike zance?"

"Da Yesu. Ya san gajiya, shi ya sa nake gaya mai."

Zulai ta girgiza kai. "Mu wurinmu Annabi Isa annabi ne. Allah ba shi ci, ba shi gajiya."

"Na sani, Inna Zulai."

Ba su ƙara tada zancen ba. Amma daga ranar Zulai kan shigo bayan la'asar da tsintar shinkafarta, su zauna tare.

Shekara biyu ana haka, ɓarin jikin Zulai ya shanye. Ɗanta Zayyanu ya zo da mota ya ɗauke ta zuwa Gwandu. Rahila ba ta ji tsayuwar motar ba, ba ta ji sallamar ba. Sai da yamma ta ga ƙofa da kwaɗo.

Kirsimetin bara ta dafa shinkafa da kaza kamar yadda ta saba. Ta zuba a kwanon da takan kai wa Zulai, ta rasa gidan da za ta miƙa. Washegari ta sake dafawa, ta ɗaure a ƙyalle, ta shiga mota ta Birnin Kebbi har Gwandu, tana tambayar gidan Zayyanu ana nuna mata da hannu.

Ta tarar da Zulai kwance a tabarma, baki ya karkace. Matar Zayyanu ta ɗaga murya ta ce tun jiya Zulai ta ƙi abinci. Rahila ta tada ta, ta jingina ta da ƙirjinta, ta murmushe shinkafar da yatsu tana sa mata. Zulai ta ci loma biyar. Ta yi ta ƙoƙarin faɗin wani abu, Rahila na kallon leɓenta, ba ta gane ba. Ta dai goge mata haɓa da bakin zane.

Zulai ta rasu kafin azumi. Sai bayan kwana tara labari ya iso Kalgo, wani direba ya rubuta mata a takarda. Da ruwa ya sauka, Dauda ya sake aiko cewa ta dawo Kaduna. Ta ce a bari damina ta wuce, ta riga ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki.