Sifana a Bokitin Alhaji

Ko zan manta komai a sana'ata ta ɗaura sola, ranar da na hau rufin wani Alhaji a Zangon Kumasi tana nan daram a raina.

Lokacin dumsor ya ishi kowa, wuta ta zo ta ɗauke yadda ta ga dama. Alhajin nan dattijo ne mai ɗaure fuska, ko a rediyo ba a kunna waƙa a gidansa. Ya kira ni in sa masa farantan sola huɗu. Ni kuwa 'yarsa nake so, wata biyu da kai gaisuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na ce to, a wannan aikin zan burge shi.

A Zango, kafin namiji ya hau rufi sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, domin banɗakunan tsofaffin gidajenmu da yawa ba su da rufi. Na san haka sarai. Amma zumuɗi ya sa na jingina tsani da sassafe, na haye shiru kamar mage.

Ina ɗaure faranti na biyu sai na ji waƙa da yaren Twi tana tasowa daga ƙasa. Na leƙa. Alhaji ne, kumfa har kunne, yana rera tsohuwar waƙar 'yan rawa, yana karkaɗa kafaɗa, soso a hannu. Wallahi ya iya! Na danne dariya har jikina ya hau ɓari, sifana ta suɓuce min, ta faɗa tsulum cikin bokitinsa.

Ya ɗago, muka haɗa ido. Nan take na ce aure kam ya tafi.

Da na sauko ya kira ni zaure, ya sha babbar riga, ga sifana a gefensa tana ɗiga. Ya ce min Masa, yadda muke kiran namiji a Kumasi.

"Masa, me ka gani a sama?"

"Rana kawai, Baba."

"Kunnenka fa?"

"Tun jiya shi toshe kwataa, Baba."

Ya miƙo min sifana.

Mako uku shiru. Labarin yana cina a ciki, ga abokaina a kasuwar Race Course masu son irin wannan, ga yarinyar tana tambayar me na yi wa babanta. Na haɗiye. Sai ya aika wa kawuna cewa a zo a sa rana. Wai ya ce, "Yaron nan bakinsa yana da murfi. Kuma gara ya zama ɗan gida, inda idona zai riƙa ganinsa."

Bara Allah ya yi masa rasuwa, shi ya sa na buɗe baki, kuma har yau ina kewarsa. A kansa na koyi cewa mai hawa rufin mutane ya ɗaga murya kafin ya hau, ya kama bakinsa in ya sauko.