Ranar da na kai surukina kallon fim ɗin Japan

Har yau in na ga mahauci ya ɗora yatsunsa a kan katako yana sara, sai in tuna da wata sinima a unguwar Peckham ta London. Shekara kusan hamsin ke nan, amma kunyar wannan rana ba ta sake ni ba.

A shekarun da kuɗin mai ya fara malala a gida, gwamnati ta turo ni London karatu. Na baro matata a Kano wata uku kacal da aure. Wasiƙa ba irin wadda ban rubuta ba ina roƙon a turo mini ita, mahaifinta ya ce a'a. A ganinsa London gari ne mai lalata mutum, kuma 'yarsa ba za ta taka shi ba sai ya ga irin zaman da nake yi da idonsa.

Idon kuwa shi ya kawo shi. Yanar ido ce ta rufe masa gani, aka yi masa aiki a babban asibitin Camberwell a London. Surukina mahauci ne gaba da baya, ya yi dambe da ƙuruciyarsa, sannan kwangilar kai nama makarantu ta mayar da shi Alhaji mai mota. A gida in na hango shi tsugunawa nake yi, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. A London babu mai yi masa tafinta sai ni, dole muka riƙa zama kujera ɗaya a bas, ina takurewa jikin taga.

Da idon ya warke, wata Asabar bayan azahar ya dube ni.

"Malam, so nake in gwada idon nan a kan abu mai girma. Kai ni sinima."

"Baba, sinima?"

"A Kano in na shiga, kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Nan wa ya san ni? Irin na Chanis ɗin nan da yaran kwata ke ba da labari nake so."

Hankalina ya kwanta, don na san fim ɗin Chanis. Na sha kallonsa a Kano: an kashe wa yaro malaminsa, ya tafi dutse ya koyi faɗa, ya dawo ya rama, kowa ya tafa. Babu abin kunya a ciki. A ƙofar sinimar na ga hoton wani ya yi tsalle yana kai ƙafa, na ce shi ke nan. Mu a lokacin duk mai irin wannan fuska ɗan Chana ne. Ban san akwai na Japan dabam ba, kuma babban harafin X da ke kusurwar hoton na ɗauka tambarin kamfani ne, ashe alamar fim ɗin manya zalla ce. Matar da ke sayar da tikiti ta dubi babbar rigar Baba da carbinsa, ta tambaye ni ko na tabbata. Har haushinta na ji.

Ba a yi minti biyar da farawa ba aka farke wa wani ciki, jini ya yi tsartuwa har bango. Na ce innalillahi a fili. Ba dutse, ba malami, sai 'yan daba masu kwat da baƙin tabarau, da gidan caca, da wani tsoho ubangidansu yana zaune a tabarma kowa na faɗuwa gabansa. An ɗora musu Turanci a baki, sai mutum ya rufe bakinsa magana na ci gaba da fita.

"Me ya ce?" in ji Baba, da muryar da yake kiran yaransa a kwata.

Turawan da ke gabanmu suka juyo suna "shhh". Na sunkuya ina raɗa masa.

"Jinin nan ƙarya ne," ya ce. "Na yanka sa ya fi a ƙirga, jini ba ya tashi haka. Amma wancan mai tabon ya san faɗa. Dubi ƙafarsa, ba ya ɗaga ta a banza."

Mai tabon shi ne jarumin. Na fara samun numfashi ke nan sai aka shiga gidan wanka. Maza tsirara, bayansu duk zanen macizai, sannan ga mace ta shigo ba ko zane. Allo ya fi bangon ɗakina girma, ga sabon ido. Na rasa inda zan sa kaina, na sunkuya ina kwance igiyar takalmina ina ɗaurewa. A raina na ce shi ke nan, matata ta zauna Kano. Yanzu zai ce ga abin da nake kallo kowace Asabar.

"Me take cewa?" ya tambaya.

"Gaisuwa ce, Baba."

"Gaisuwar ta yi tsawo."

Sai aka zo wurin da ya hana ni barci kwana uku. Mai tabo ya yi wa ubangidansa laifi. Ya durƙusa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora ƙaramin yatsansa, ya danna wuƙa. An nuna komai. Ya naɗe guntun ya tura gaban tsohon da hannu biyu, tsohon ko kallo bai yi ba. Baba ya daina jan carbi.

Daga nan ubangidan ya tura shi ya yi kisa, aka ɗaure shi shekaru. Duk tsawon lokacin ana nuna matarsa, tana fitowa bakin ƙofa da lema, ta duba hanya, ta koma. Ranar da ya fito, ko shinkafar da ta dafa bai gama ci ba tsohon ya sake aikowa. Ta riƙe hannun rigarsa, ya zare. Faɗan ƙarshe, gaskiya, ban taɓa ganin irinsa ba: babu tsalle-tsallen banza, mutum ya gaji yana haki, ya zame a kan jini, ya tashi da ƙyar. Ya kashe su duka, shi ma ya mutu a kan titi. Aka kunna fitila. Ba wanda ya tafa.

Daga baya na kalli irin waɗannan finafinai da yawa, ni kaɗai. Jininsu ya yi yawa, matansu ba su da aiki sai kuka da jira, labarin kusan ɗaya ne kullum. Amma ba sa yi wa mutum ƙarya cewa faɗa yana da daɗi, kuma wanda ya ci ma ba ya komawa gida.

A ranar dai ba wannan ne a gabana ba. Muka fito rana na nan, muka hau bas. Na yi ta shirya rantsuwa a raina cewa ban taɓa shiga wurin ba. Mun kusa Camberwell na ce, "Baba, wallahi kuskure na yi, na ɗauka..."

Ya ɗaga mini hannu.

"Wurin tsiraicin na rufe idona, wannan ba komai. Tsohon nan ne ya tsaya mini a rai. Yana zaune a tabarma yana shan shayi, ya ce je ka, ya ce dawo, yarinyar mutane tana tsaye bakin ƙofa. Shi a ganinsa daidai yake yi."

Ban gane inda ya nufa ba.

"Wata nawa ke nan da tahowarka?"

"Goma sha huɗu, Baba."

Ya juya yana kallon taga, ya goge sabon idon da bakin rigarsa.

"Uwar matarka ta ce duk ranar da mai kawo wasiƙa zai zo, a zaure yarinyar take wuni. Na ce shirme ne." Ya ja carbi sau biyu. "Ɗakin nan naka ya yi ƙanƙanta, Malam. Ka nemi mai kicin kafin in turo maka ita."