Ruwan da Ɗigo Take Zubarwa

A danginmu kowa ya san 'yar kawuna da hanci ta fara zuwa duniya. Ungozoma ta ce hancin ya leƙo, ya sansana ɗakin, ya koma ciki ya yi shawara, sannan sauran jikin ya biyo baya. Ni ban gani ba, lokacin ina goye, amma zan tsaya a kan maganar ko a gaban alƙali. Ni na sa mata suna Ɗigo, kuma sunan ya bi ta har wurin aiki. Ita kuma tana kirana Rabin Boko, saboda na bar makaranta daidai inda lissafi ya fara cusa haruffa cikin lambobi. Na ce musu wannan rigimar ba da ni ba, na kama gyaran fanka da dutsen guga.

Tun tana ƙarama ba a aikenta a zauna lafiya. A ce ta sayo gishiri, sai miya ta tafasa ta gaji ta yi barci, a fita nema, a same ta gindin lemun tsami, ta murje ganye a tafin hannu, ido a rufe, tana murmushi kamar wadda ake yi wa albishir a mafarki. Mahaifiyarta, wadda duk muke kira Umma, ba ta dukanta. Sai ta ce a bar ta, ganyen ne ke ba ta labari.

Da ta girma kuwa sai ta sami aikin da ake biyan mutum don ya yi wannan shirmen. Tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, inda ake tatsar mai daga ganye. Na je wurin ranar da fankarsu ta tsaya. Akwai wata kwalba mai tumbi kamar na attajiri, an cika ta da ganyen ɗoɗɗoya da ruwa, an ɗora a wuta marar harshe. Tururi ya tashi ya bi wani maƙogwaron gilashi, ruwan sanyi na zagaye shi ta waje, sai tururin ya ji sanyi ya koma ruwa, ya fara sauka, ɗis, ɗis. Ɗigo na zaune da farar riga, ta tallafe haɓa, tana kallon kowane ɗigo kamar ɗanta ne ya dawo daga tafiya. Hasken taga ya ratsa gilashin, inuwar tafasar tana rawa a bango, ɗakin duk ya cika da ƙamshi har ni ma na manta da sukudireba a hannuna.

A saman ruwan da ya taru, wani siririn mai launin zuma ya kwanta. Buhu guda na ganye, amma man da ya fito ko ƙuda ba zai wanke fuska da shi ba.

Na ce, "Ke Ɗigo, tun safe wannan kika samu? Ai ni in na matse hular kawu zan fi ki samun mai."

Ta ce, "Rabin Boko, gyara fankarka. Abin da ke cikin wannan ɗigon ya fi abin da ke cikin kanka yawa."

Ta murɗa wani ɗan famfo, ruwan ƙasa mai hazo-hazo ya zube a bokiti, ta tare man a wata 'yar kwalba mai duhu. Bokitin kuma in ya cika, rariya. Haka aka koya mata, haka take yi kullum: mai a kwalba, ruwa a rariya.

Ta nuna mini wani inji mai girman firij, wanda ake ba shi ɗanɗanon man da allura, shi kuma ya zana duwatsu a fuskar kwamfuta. Kowane tsauni, in ji ta, sinadari ne guda. Ta nuna mafi tsayi ta ce shi ne ke cikin kanumfari ma, wato ɗoɗɗoya da kanumfari taubasai ne kamar ni da ita. Na ce to Allah ya ba kanumfari haƙuri. Ta kai ni wurin sauron da suke kiwo a kejin raga, sauro masu ƙiba da suka fi ni cin abinci a kan lokaci, da kwalaben wake masu ƙwari, da wasu faranta da aka shuka ƙwayoyin cuta. Inda ta ɗiga man, cutar ta ja da baya ta bar fili zagaye, fes, kamar wata a daren sha huɗu. Ta daɗe tana kallon farantin nan. Ina jin da za a bar ta, a cikin wannan watan za ta tare.

Haka rayuwarta take tafiya a hankali har Umma ta rasu.

Kawu tsohon direban bas ne. Ya yi shekaru yana kai mutane gidajensu, kuma tun kafin rasuwar ƙwaƙwalwarsa ta fara zubar da fasinja a hanya. Sunan jika ya faɗi, ranar mako ta faɗi. Amma muddin Umma na nan, ya san kujerarsa, ya san ɗakinsa. Bayan an share makoki, matan dangi suka yi abin da suke ganin alheri ne. Suka wanke gidan da garin sabulu tun daga labule har bayan kabad, babban wan Ɗigo, wanda muke kira Yaya, ya kawo masu fenti. Gida ya yi kyau, yana warin sabon asibiti.

Washegari Kawu ya sa takalmi, ya ɗora hula, ya zauna a bakin ƙofa. Ya dubi Ɗigo da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, mun gode da karamci. Yanzu a nuna mini hanyar gida."

Ta ce, "Baba, ai gida kake."

Ya yi murmushin mutumin da ba ya son ya ƙaryata mai masauki. Bai cire takalmin ba. Da shi yake cin abinci, da shi yake kwanciya, a gefen gado, kamar mai jiran a kira mota. Da ya ga an yi sakaci da ƙofa, sai ya fice neman gidansa. Sau ɗaya mai shagon kan kwana ya dawo da shi. Sau ɗaya ni na tsince shi a tasha, yana gaya wa wani direba cewa tayarsa ta baya ba iska, kuma da gaske ba iskar.

Yaya ya tara mu a falo. Mutum ne mai son komai a layi, ko tari zai yi sai ya duba agogo. Ya ajiye sabon kwaɗo a kan tebur ya ce in Baba ya sake fita, zai rufe gidan nan ya ɗauke shi zuwa wurinsa, can bene hawa na sama, inda ƙofa ke kulle kanta.

Ɗigo ta ce, "Yaya, a nan ma da ya yi rabin rayuwarsa bai gane ba. In ka kai shi sama, ta taga zai nemi hanya."

Yaya ya ce, "To ki sa ya gane."

Hancin Ɗigo ya fara motsi. Ni na san wannan motsin. Bayan ya tafi ta ce mini, "Rabin Boko, ba bango Baba yake nema ba. Gidan nan yana da ƙamshi, mun wanke shi."

Kowa ya san ƙamshin, amma ba wanda ya taɓa lura da shi sai da ya tafi. Umma na da ɗoɗɗoya a bayan kicin, ga lemun tsamin nan na tsakar gida. Kullum takan tafasa ganyensu a wata tsohuwar tukunya ta sirka wa Kawu ruwan wanka, saboda ciwon bayan tuƙi da kuma sauro. Ɗigo ta yi haka. Ruwan ya fito ja-ja, yana warin dafaffen ganye. Kawu ya leƙa bokitin ya ce ba ya wanka a gidan mutane.

Sai ta koma ga abin da ta iya. Ta kwashi ganyen gidan ta kai wurin aiki, ta tatso mansu tsantsa, ta ɗiga a matashinsa. Ƙamshin ya yi ƙarfi har ƙadangarun unguwa suka yi hijira, sauro kuwa har yau in sun zo layinmu sai su kewaye ta bayan gari. Kawu ya yi atishawa ya ce wannan masauki da turare suke, amma shi dai a kai shi gida. Ta rage ɗoɗɗoya ta ƙara lemo. Ta tsinki ganyen safe, ta tsinki na yamma, don wai duwatsun da injin ke zanawa suna canza tsayi da rana. Ta rame. In na je sai in same ta a baranda da 'yan kwalabe a cinya, ido rufe, tana bin ƙamshi ɗaya bayan ɗaya kamar mai buɗe ɗakuna a gidan da ba kowa. Na daina tsokanarta, abin da ya sa mahaifiyata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne. Rariyar ɗakin gwajinsu ta toshe, dole ta ɗauki bokitin ruwan nan da take zubarwa, na ganyen gidan da ta tatsa, zuwa waje. Ɗigo kuwa ko a fili tana tuntuɓe da iska. Rabin bokitin ya ƙare a farar rigarta. Ta cusa ta a leda ta taho gida. Ni kuma na kawo tsohon dutsen gugar Umma da na canza wa waya, mai nauyin da sai ka yi bismilla kafin ka ɗaga. Kawu na bakin ƙofa da takalmi da hula, yana lissafin motocin da ke wucewa.

Ta ce, "Kawo in gwada, in gani ko ka gyara ko ka ƙarasa shi. Rigar nan gobe zan sa, kuma ba ta bushe ba."

Ta shimfiɗa bargo a tebur, ta baza rigar da danshinta, ta ɗora dutsen. Ya yi cuu. Tururi ya tashi fari, ya bi hasken da ke shigowa ta labule, ya yi sama a hankali. Ba irin ƙamshin kwalba mai sara hanci ba ne. Wani abu ne mai laushi, ɗoɗɗoya can ƙasa, lemo a samansa, da ɗumin auduga. Ni da kaina sai na ga kamar na koma yaro, ina zaune a ƙasan teburin nan, ƙafafun Umma na motsi kusa da ni, rigunan aikin Kawu a rataye a ƙofa. Ɗigo ta tsaya da dutsen a sama.

Muka ji motsi. Kawu ne ya taso daga bakin ƙofa. Ya shigo falo yana jan iska, ya dubi bango, ya dubi labule, ya tafi kai tsaye wurin kujerarsa da ya ƙi zama a kai tun rasuwar. Ya zauna. Ya sunkuya ya cire takalmi ɗaya, ya cire ɗayan, ya tura su ƙarƙashin kujera inda suke zama tun muna yara. Ya cire hula ya kifa a gwiwa.

Ya ce, "To, mun iso. Kowa ya sauka."

Ɗigo ta ajiye dutsen a kan rigar ta manta da shi, sai da na fizge waya. Har yau akwai tambarin dutsen guga a bayan farar rigarta, ogansu na tsammanin wani sabon salo ne.

Ta zauna a ƙasa ta ce, a hankali, kamar mai magana cikin barci, "Murfin tukunya. In Umma ta tafasa ganyen, takan ɗaga murfin ta tsiyaye gumin da ya taru a kofi. Da shi take yayyafa wa kayan Baba in za ta yi guga. Ni na ɗauka tsimin ruwa take yi."

Na ce, "Wato shekara da shekaru abin da kike kai wa rariya ke nan."

Ta ce, "Akwai sinadaran da ba sa son rabuwa da ruwa. Ba duka suke hawa cikin mai ba. Na sani, na karanta, na ma ci jarrabawa a kai." Ta share ido da bayan hannu. "Rabin Boko, in ka faɗa wa kowa na yi kuka, sai na sake maka sauron kejinmu."

Ban faɗa wa kowa ba. Rubutawa na yi.

Da Yaya ya zo ƙarshen mako da kwaɗonsa a aljihu, ya tarar da Kawu na barci a tsakiyar gado, ƙafa ba takalmi, bisa zanen da aka goge da safe. Ya tsaya a bakin ɗakin ya daɗe. Hancinsa, wanda ban taɓa sanin yana aiki ba, ya ɗan buɗe. Bai duba agogo ba. Da zai tafi ya miƙo mini kwaɗon ya ce in sa a shagona.

Ba zan ce Kawu ya warke ba. Har gobe a ganinsa ni yaron motarsa ne, kullum sai ya tambaye ni ko na duba ruwan lagireto, ni kuma in ce na duba, oga. Wani lokaci yakan kira Ɗigo da sunan da yake kiran Umma, ita kuma ta amsa. Amma bai sake neman hanyar gida ba.

Yanzu kowace yamma za ka ga Ɗigo ta sauko daga mota da 'yar jarkar ruwan nan a hannu, tana tafiya a hankali kada ya zube. Ta ba injin nan ruwan ya ɗanɗana, ya zana mata wasu ƙananan duwatsu barkatai. Na tambaye ta wanne ne a ciki ya cire wa Kawu takalmi. Ta kalli fuskar kwamfutar ta daɗe, ta tallafe haɓa, ta ce ba ta sani ba tukuna. Na bar ta a nan, kwalba mai tumbi na tafasa a bayanta, bokiti a ƙasa yana cika, ta sa masa murfi.