Ƙwaya Ɗaya a Aljihun Hagu

Baƙon da ya sauka garinmu ba ya rasa abin yi. Zai shiga babban coci ya yi ta ɗaga kai har wuyansa ya ƙage, ya zaga farfajiyar da aka zane rufinta tun zamanin kakannin kakanninmu, ya ci dunƙulen burodi da romo a bakin dandali. In mai ƙarfin hali ne, motar igiya ta lula da shi ƙolin dutse. Amma duk inda ya zaga, ƙarshenta a ƙofar hasumiyar coci zai tsaya, kuma a nan zai ci karo da Notburga Pfattner.

Shekara talatin da ɗaya tana zaune a wannan ƙofa, 'yar gajeruwa, ga baki kamar reza. Ba ta yarda da takarda ba, balle na'ura. Kwando gare ta cike da busassun 'ya'yan kastaniya, irin waɗanda muke gasawa da kaka, kowace ƙwaya kamar goro. Mutum ya taka matakala, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a aljihun hagu na rigar aikinta. Ya sauko, ta mayar da ita aljihun dama. Baƙi kan yi dariya su ɗauke ta hoto. Mu ba ma dariya, don mun san abin da ke rataye a sama.

Tsohuwa muke kiranta, babbar ƙararrawar da ta fi shanu biyar nauyi. Idan ta fara lilo, tana share ɗan lungun da baƙi ke tsayawa su leƙa kwari. Shekara guda kafin a ba Notburga makulli, an kaɗa ta da wani baƙo a sama, a cikin bargo aka sauko da shi. Tun daga ranar, Kassian mai kula da coci ba ya taɓa makunnin lantarkin da ke kaɗa Tsohuwa sai Notburga ta juyo masa aljihun hagu ya gani da idonsa babu komai. Akan kuwa buƙaci ƙararrawar da gaggawa, domin a wajenmu in hadarin ƙanƙara ya taso, Tsohuwa ake kaɗawa ta kore shi. Masu ilimi sun ce ƙararrawa ba ta korar ƙanƙara. To, su hau gangaren su faɗa wa manoman inabi mana.

A bana ne abubuwa suka fara zame wa Notburga. Ta tsinci tabaraunta a cikin tanda. Ta kira 'yarta Irmgard da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Irmgard ta taso daga birnin Bozen ta gana da Fada, limamin cocinmu, aka yi magana ƙasa-ƙasa, aka tsayar da cewa kuskure ɗaya za a jira, sai a karɓi makulli. Notburga ta ji, don a garin nan bango ma tsegumi yake yi. Ta ji tsoro ƙwarai, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Ƙwaƙwalwa ce ke mantuwa. Hannuna bai taɓa yi ba."

Wata Talata a ƙarshen Agusta, saura mako uku a fara tsinkar inabi, gari ya tashi da wani irin zafi mai nauyi. Zuwa ƙarfe uku na yamma tsuntsaye sun yi tsit. Daga bayan dutse hadari ya leƙo, ba baƙi ba, wani ruwan ɗorawa-ɗorawa mai ratsin kore, kalar da kowane manomi ya tsana. Notburga ta sa baki a rijiyar matakala ta ƙwala kira a sauko. Aka yi ta saukowa, tana mayar da ƙwayoyi, har sawu ya ɗauke. Ta zura hannu a aljihun hagu don ta juyo shi, sai yatsunta suka taɓa ƙwaya ɗaya.

Kassian ya iso yana haki. "To, gimbiya, nuna min in je in danna."

"Akwai saura ɗaya."

"Wane ne?"

 Ta lalubi fuskokin ranar: 'yan Holan masu jajayen wuya, wasu mata biyu 'yan Milano. Duk ta ga saukarsu. 

Ana haka Hartmann, wani manomin inabi, ya faka taraktarsa a tsakiyar dandali, inda aka hana, ya diro. Gonarsa ce ta farko da ƙanƙara ke samu in ta gangaro. "Me ake jira? Kassian, makaho ne kai? Dubi sama!"

"Wai akwai mutum a sama."

"Wane mutum? Inna Notburga, don girman Allah, wa kika gani?"

"Ban ce na gani ba. Na ce akwai."

Hartmann ya dafe kai. Ya rage murya, wanda ya fi ihun zafi. "Inna, kowa ya san halin da ake ciki. Ba laifinki ba ne. Kin manta ba ki mayar ba, shi ke nan. Wahalar shekara guda ce a kan gangaren can."

"Yaron da na share wa majina ne yau yake gaya min na manta?" Ta juya wajen Kassian. "Kassian, in ka taɓa makunnin nan kafin in sauko, na rantse kai za a ɗaura a madadin harshen ƙararrawar."

Kassian ya ce bari shi ya hau, ta harare shi, shi da aka yi wa aikin zuciya bara. Hartmann ya tsaya yana kallon gonarsa, ya ƙi motsi, don ya tabbata babu kowa. Ta kama igiyar bango ta fara hawa.

Matakala ɗari biyu da goma sha biyu ne, rabonta da ƙarshensu shekara shida. Gwiwoyinta suka fara ƙara tun a na arba'in. Tana hawa tana kira, iska na mayar mata da muryarta. Ta san sarai abin da take hawa ta tarar: in babu kowa a sama, da ta sauko sai miƙa makulli, Irmgard ta tattara ta zuwa wani ɗaki a Bozen. Har ta kama kanta tana roƙon Allah ya sa akwai mutum a ƙarƙashin ƙararrawar, ta ji kunyar wannan addu'a. Ta kai rabi ke nan sai ta ji kwas, kwas a kan rufin coci, sannan aka sako ƙanƙarar gaba ɗaya kamar ana juye tsakuwa.

Da ta ɗago kai ta ramin da ke ƙarshen matakala, takalma ta fara gani. Wani tsoho ne zaune a kan katako, daidai inda leɓen Tsohuwa ke wucewa, ya ɗora haɓa a kan sandarsa yana kallon gangaren yana yin fari. Ignaz ne, mahaifin Hartmann, shekara tamanin da takwas, kurma, sai an sa masa baki a kunne yake ji.

Ta girgiza kafaɗarsa. Ya juyo yana murmushi, ya ɗaga murya irin ta kurame. "Af, Notburga! Kin biyo ni? Ai na bi a hankali, yadda kika ce. Na gode da kika tambayi ƙafata. Yau dai na ce sai na ga gonar daga sama kafin in mutu. Me ya hana su kaɗa ƙararrawa?"

Ta dube shi. Ta tambayi ƙafarsa? Ta ce ya bi a hankali? Ta binciki ranar kaf, babu Ignaz a ciki, ko inuwarsa.

Da suka fito ƙofa, Hartmann ya ga ubansa, ya zauna daɓas a cikin ƙanƙara yana kuka. Rabin inabinsa ya tafi, bai ƙara ambatonsa ba. Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Mai burodi ya aiko da kek, Fada ya zo da kansa ya riƙe hannunta. Irmgard ta bugo waya tana shessheƙa. "Mama, ki yafe min. Ni ce ban san ki ba." Notburga ta ce ba komai. Ba ta gaya wa kowa abin da Ignaz ya faɗa ba.

Washegari ta buɗe ƙofa ƙarfe tara kamar kullum. Zafin jiya bai tafi ba. Baƙi suka yi ta hawa da sauka, hannunta na aikinsa. Wajen ƙarfe sha ɗaya wata mata mai jar hula ta sauko ta yi mata godiya. Notburga ta ɗaga hannu don ta mayar da ƙwayarta, sai hannun ya tsaya a iska. Ta taɓa wannan aljihu, biyar. Ta taɓa wancan, huɗu. Can sama tana jin sawun mutane da dariyar wata mace.

Ta jira hannun ya tuna da kansa. Ya ƙi.

Ta ja ƙofa don kada wani ya ƙara hawa, ta tsallaka zuwa ɗakin Kassian. Yana goge kofin azurfa, bai ko ɗago ba. "A'a, jarumar gari da kanta? Kin ga abin da ke tasowa bayan dutse kuwa? Da alama yau ma sai mun tayar da Tsohuwa."

Ta ajiye makulli a kan tebur. Ta zube ƙwayoyin kashi biyu a gefensa, tana lura kada su gauraya.

"Akwai mutane a sama," ta ce. "Kassian, faɗa min, wane aljihu ne na masu hawa?"

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga fuskarta.